Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Likitocinmu da Ke Aiki a Amurka Kan Dokokin Jihohi na Rubuta Magungunan Opiyod

Zuwa ga 'yan uwana likitoci, da likitocin haƙori, da ma'aikatan jinya masu izinin rubuta magani, 'yan asalin Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da sauran ƙasashenmu, waɗanda Allah ya sa abincinsu a jihohin Amurka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya ku da iyalanku, ina rubuto muku ne a matsayina na mai haɗa magunguna a jihar Niyok, wato mutumin da takardar da kuka rubuta take fara isowa gabansa kafin magani ya shiga hannun majiyyaci. Wanda yake zaune a wannan wuri yana ganin abin da ba a cika gani daga ɗakin duba marasa lafiya ba, kuma abin da nake gani shi ne dokokin da jihohi suka kafa a kan mofin da oksikodon da haidirokodon da danginsu, wato magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi da ake kira opiyod, sun fi tsanani a zukatan masu rubuta magani fiye da yadda suke a rubuce. Akan sami likitan da bai san sharuɗɗan jiharsa ba, yana rubutu yadda ya saba a inda ya baro har ya jefa lasisinsa cikin haɗari, sai dai irinsa ba su ne suka fi zuwa gabana ba. Waɗanda suka fi yawa su ne waɗanda suka tsinci labarin dokar a bakin abokin aiki ko a wani taron ƙara wa juna sani, suka riƙe lamba guda, kwana 7 ko miligiram 90, suka ɗora ta a kan kowane majiyyaci, har da waɗanda dokar da kanta ta ware su. Roƙona a gare ku shi ne kowa ya nemi ainihin rubutun dokar jiharsa ya karanta da idonsa, tun daga abin da ta wajabta har zuwa abin da ta bari a hannun likita.

Dokar tarayya ita ce harsashi, kuma ta daɗe. Tun 1970 aka kasa magungunan da ake sa wa ido zuwa rukuni biyar, hukumar DEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1973, ita ce take ba da rajistar rubuta su, kuma rajistar ta jiha guda ce, wanda ya buɗe aiki a jiha ta biyu sai ya nemi wata. Mofin da oksikodon da fentanil da metadon suna rukuni na biyu, wanda ba a sake cika takardarsa sai an rubuta sabuwa. A 2014 ne aka mayar da haidirokodon mai haɗi da farasitamol cikin wannan rukuni, a shekarar ce kuma tiramadol ya shiga rukuni na huɗu. Dokar tarayya ba ta ƙayyade kwana nawa likita zai rubuta wa wanda aka cire wa haƙori ko aka yi wa tiyata ba. Abin da ta ce kawai shi ne a rubuta maganin don halattacciyar buƙata ta lafiya, bisa yadda aikin likita ya saba gudana, ta kuma ɗora wa mai haɗa magani nasa kason alhakin a kan kowace takarda da ya cika, wanda shi ya sa kuke yawan jin kiranmu a waya. Ƙayyadewar doka ta kwanaki da ta miligiram da kuke fama da ita yau daga majalisun jihohi da hukumomin lasisinsu ta fito.

Yadda aka kai ga haka ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, wata ƙwayar oksikodon, kasuwa a 1996 yana raina haɗarin kamuwa da jarabarsa, har ya amsa laifin yaudara a kotu a 2007, kuma zuwa 2012 takardun opiyod da aka cika a Amurka sun kai kimanin miliyan 255 a shekara guda, wato takarda 81 ga kowane mutum 100. A watan Maris na 2016 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta fitar da jagorarta ga likitocin matakin farko, inda ta ce kwana uku ko ƙasa da haka sukan wadatar ga sabon ciwo, da wuya a buƙaci fiye da bakwai, ta kuma ba da shawarar a sake nazari idan magani ya kai kwatankwacin miligiram 50 na mofin a yini, a guji kaiwa 90 sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Shawara ce ga likita, ba ta da ƙarfin doka. Amma 'yan majalisun jihohi, waɗanda mazaɓunsu ke binne matasa, suna neman abin da za su riƙa a hannu, sai suka ɗauki waɗannan lambobi suka mayar da su doka, kowace jiha da irin nata lissafin.

Massachusetts ce ta fara a cikin wannan watan na Maris, da iyakar kwana 7 ga babban mutum da ake rubuta wa a karon farko, da kuma kowace takarda ta yaro. Niyok ta bi sahu a watan Yuli da kwana 7. New Jersey ta sauko zuwa kwana 5 a 2017. North Carolina ta raba, kwana 5 ga sabon ciwo, 7 ga wanda ya fito daga tiyata. Ohio ta ba manya 7, yara 5, ta kuma ƙara da cewa kada matsakaicin abin da ake sha a yini ya wuce kwatankwacin miligiram 30 na mofin. Fulorida, tun 1 ga Yuli 2018, kwana 3 ta yarda da shi ga magungunan rukuni na biyu, sai dai likita yana iya kaiwa 7 idan ya rubuta a jikin takardar cewa keɓancewa ce ta sabon ciwo, ya kuma bayyana dalili a fayil. Maine ta fi kowa nisa, domin dokarta ta 2016 ta sa rufin miligiram 100 a yini har ga masu daɗaɗɗen ciwo, tare da wasu keɓance-keɓance. Kafin shekarar 2020 jihohi fiye da 30 sun kafa irin wannan iyaka. Ba na jin akwai wanda zai ce ƙashin mutumin Miami a Fulorida ya fi na mutumin Boston a Massachusetts saurin ɗorewa. Lambobin sun fito ne daga cinikin majalisa, kuma ya kamata mu san haka ko da muna bin su sau da ƙafa.

Wannan bambanci ya fi shafar mutanenmu fiye da sauran abokan aikinsu, saboda yadda hanyar likitan da ya yi karatu a waje take. Mutum zai yi horon ƙwarewa a Bronx ko Brooklyn, sharaɗin bizarsa ya kai shi wani ƙauye a Kentucky ko Maine na shekara uku, daga baya ya koma Texas ko Georgia inda 'yan uwa suke, wataƙila kuma yana karɓar aikin cike gurbi a jiha ta uku. Abin da ya zama masa jiki a wuri na farko yana iya zama laifi a na biyu, abin da ya koyi tsoronsa a na biyu kuma yana iya zama halal a na uku, shi kuwa ya ci gaba da hana majiyyata abin da babu wanda ya hana su.

Ba ina cewa dokokin nan ba su da amfani ba. Wanda aka cire wa haƙori ba ya buƙatar ƙwaya 60, kuma ragowar da ke kwana a durowar banɗaki ita ce ƙofar da yara da yawa suka shiga ta cikinta. Rage wannan alheri ne. Sai dai a duba abin da ya biyo baya: takardun opiyod sun ragu zuwa kimanin miliyan 143 a 2020, amma waɗanda ƙwaya ta kashe sun haura mutum 100,000 a 2021, mafi yawansu ta hanyar fentanil na kan titi da ba likita ya rubuta ba. Ma'ana, alƙalamin likita ya daina zama babbar hanyar mutuwa tun da daɗewa, alhali tsoron da aka dasa a 2016 yana nan daram a asibitoci.

Ga inda nake so ku tsaya ku karanta da kyau. Kusan duk waɗannan iyakoki na kwanaki sun shafi takardar farko ce ta sabon ciwo, irin wanda rauni ko tiyata ko gajeriyar rashin lafiya suka haifar, wanda ake sa ran zai wuce. Dokar Niyok ta faɗa a fili cewa kwana bakwai ɗin ba su shafi daɗaɗɗen ciwo ba, ba su shafi ciwon da ake yi wa magani cikin jinyar kansa ba, haka nan masu jinyar ƙarshen rayuwa da waɗanda ake sauƙaƙa wa raɗaɗin cutar da ba ta warkewa. Ta kuma ce idan majiyyaci ya dawo da wannan ciwon dai, likita ya sake duba shi, yana da ikon rubuta abin da ya ga ya dace. Fulorida mai kwana uku ta ware kansa, da cutar ajali, da jinyar sauƙaƙa raɗaɗi, da mummunan rauni da ya kai maki 9 a ma'aunin tsananin rauni. Duk da haka nakan ga takardar dattijuwa mai kansar nono da ta bazu zuwa ƙashi an rubuta mata na kwana bakwai, ɗanta ya bar aikin tuƙi duk mako ya kai ta asibiti don a sake rubutawa, idan an tambaya kuma a ce doka ce. Dokar jihar ba ta ce haka ba. Wani lokaci tsarin asibitin ne, wani lokaci kamfanin inshora ne, wani lokaci kwamfutar ce aka saita ta a kan bakwai babu wanda ya damu ya canza. Waɗannan duka ana iya ɗaukaka ƙara a kansu ko a tsallake su da bayani, amma sai likita ya fara sanin cewa ba doka yake fuskanta ba.

Babu inda wannan kuskure ya fi yi mini ciwo kamar a kan masu sikila. Mu da muka tashi a Najeriya, ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da amosanin jini, kusan babu wanda bai taɓa kwana a kan ɗan uwa ko maƙwabci yana juyi saboda ciwon ƙashi ba, don haka bai kamata a ce mu ne za a koya wa cewa wannan ciwo gaskiya ne ba. A Amurka masu cutar sun kai kimanin 100,000, akasarinsu baƙar fata, kuma jagorar Cibiyar Zuciya da Huhu da Jini ta ƙasa ta 2014 ta ce a fara ba su maganin raɗaɗi cikin minti 30 bayan tantance su a sashen gaggawa, ko cikin sa'a guda da yin rajista. A 2019 CDC ta rubuta wa ƙungiyoyin likitocin jini da na kansa cewa ba a yi jagorarta don a hana irin waɗannan majiyyata magani ba, a sabuwar jagorar Nuwamba 2022 kuma ta cire sikila gaba ɗaya daga abin da jagorar ta shafa, tare da kansa da jinyar ƙarshen rayuwa. Wasu jihohi, kamar Tennessee, sun ambaci sikila da suna cikin abin da suka keɓe. Inda ba a ambata ba, mafi yawan lokuta akwai ƙofar daɗaɗɗen ciwo ko ta buƙatar lafiya da likita zai rubuta dalilinta. Amma saurayi mai sikila da ya san sunan maganin da ke yi masa aiki da yawan miligiram ɗinsa, saboda tun yana yaro yake sha, wannan sanin nasa shi ake mayarwa hujjar cewa ɗan ƙwaya ne. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Virginia, aka wallafa a 2016, ya gano cewa kusan rabin fararen ɗaliban likitanci da likitoci masu neman ƙwarewa da aka tambaya sun yarda da aƙalla ƙarya guda game da jikin baƙar fata, irin su cewa fatarsa ta fi kauri. Idan abokin aikinku yana ɗauke da wannan, ku kuma kuka zo da tsoron dokar da ba ku karanta ba, to wa ya rage wa yaron a sashen gaggawa da ƙarfe biyun dare?

Batun miligiram ma yana buƙatar natsuwa. Ana auna kowane opiyod da mofin ne ta hanyar ninki: haidirokodon ɗaya da ɗaya ne, oksikodon ɗaya da rabi, don haka mai shan oksikodon miligiram 10 sau huɗu a yini yana kan 60. Ninkin nan ƙiyasi ne, kuma yana canzawa. A 2022 CDC ta ɗaga na haidiromofon daga 4 zuwa 5, na tiramadol daga 0.1 zuwa 0.2, wanda ke nufin majiyyacin da bai ƙara ko ƙwaya ɗaya ba yana iya wayar gari ya tsallake layi a kwamfuta. A mafi yawan jihohi lambar ba haramci ba ce, sharaɗi take jawowa, kamar yadda jihar Washinton ta daɗe tana neman a tuntuɓi ƙwararren likitan raɗaɗi idan an kai 120. Amma bayan 2016 likitoci da yawa sun ɗauki 90 a matsayin katanga, suka shiga zaftare wa mutanen da suka shekara goma a kan magani guda suna aikinsu lafiya, wasu ma aka sallame su daga asibiti babu wanda zai karɓe su. A watan Afrilu 2019 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta yi gargaɗin cewa yanke opiyod farat ɗaya ga wanda jikinsa ya saba yana jawo azabar yankewa, da tashin ciwo, da ƙuncin rai, har da kashe kai, a watan nan ne kuma marubutan jagorar CDC da kansu suka fito suka ce an yi wa aikinsu mummunar fahimta. Wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a 2021 ya nuna cewa waɗanda aka rage wa magani bayan sun daɗe a kansa sun fi fuskantar shan abin da ya wuce ƙima da taɓuwar hankali fiye da waɗanda ba a rage wa ba. Jihohi sun fara gyara: Minnesota a 2022 da Colorado a 2023 sun yi dokokin da ke hana a tilasta rage wa mai daɗaɗɗen ciwo magani don kawai a cika wata lamba. Wanda ya karanta dokar jiharsa a 2017 bai sake komawa ba, wataƙila yana bin abin da aka riga aka sauya.

Akwai kuma abubuwan da doka ta wajabta da gaske, waɗanda sakaci da su ba shi da uzuri. Na farkonsu duba rumbun bayanan magunguna na jiha, inda ake adana tarihin irin waɗannan magunguna da kowane majiyyaci ya karɓa, kafin rubutu. Kentucky ta wajabta shi a 2012, Niyok a watan Agusta 2013 ƙarƙashin dokar I-STOP ga rukuni na biyu da na uku da na huɗu, Kalifoniya a Oktoba 2018, kuma da Missouri ta kafa nata daga baya, babu jihar da ta rage ba ta da rumbu. A Niyok takardar hannu ta zama tarihi tun Maris 2016 sai a wasu keɓaɓɓun halaye, akwai darasin sa'a uku kan kula da raɗaɗi duk bayan shekara uku, akwai rubutaccen tsarin jinya ga wanda ake ba opiyod don ciwon da ya wuce wata uku, ban da waɗanda dokar ta keɓe, tun 2022 kuma ana haɗa takardar nalokson, maganin farfaɗo da wanda opiyod ya tsayar wa numfashi, ga mai haɗari, wato mai tarihin shaye-shaye, ko mai shan adadi mai yawa, ko mai haɗawa da magungunan barci da kwantar da hankali irin su diyazefam. Tarayya ta ƙara horon sa'a takwas sau ɗaya ga mai sabunta rajistar DEA daga Yuni 2023. Ku yi waɗannan duka, ku kuma rubuta cewa kun yi.

Sai dai rumbun bayanan nan ku karanta shi da hankalin wanda ya san mutanensa. Sunan mutum guda yana iya fitowa Muhammad a katin inshora, Mohammed a lasisin tuƙi, Mahamadou a fasfo, sai tarihinsa ya rabu gida uku. Dattawanmu da yawa kuma an rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa, sai a haɗe mutum biyu masu suna ɗaya a mayar da su majiyyaci guda mai yawon asibitoci. Mai sikila da ya ga likitoci biyar a wata shida, sau da yawa likitocin sashen gaggawa ne da na kwanciya, ba shi ya zaɓe su ba. Kafin ku yanke hukunci a kan abin da allon ya nuna, ku juyo da shi ku tambayi mai shi.

Na san daga ina tsoron yake, kuma ba na raina shi. Likitan da zamansa a ƙasar nan ya rataya a kan bizar aiki, wanda gida guda ko biyu a Kano ko Maraɗi ko Kumasi suke ci daga albashinsa, wasiƙa ɗaya daga hukumar lasisi ta isa ta hana shi barci. Ga kuma abin da muka taso da shi: yawancinmu mun yi karatu a asibitocin da mofin ba ya samuwa sai da ƙyar, fentazosin ne abin hannu, sannan muka ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa matasan Arewa, har gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayu 2018. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ya kamata ku san cewa a watan Yuni 2022 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Ruan, ta yanke cewa kafin a kama likita mai rajista da laifin rarraba ƙwaya, sai gwamnati ta tabbatar da cewa yana sane, ko da gangan, ya rubuta abin da ba shi da izini. Hukuncin ya shafi laifin tarayya ne kawai, bai ɗaure hannun hukumomin lasisi na jihohi ba, amma su ma abin da suke nema idan sun buɗe fayil sananne ne: me ke damun majiyyaci, me aka gwada kafin opiyod, me aka tattauna da shi, an duba rumbu, yaushe za a sake ganinsa. Likitan da fayilinsa ya amsa waɗannan ya fi wanda ya ƙi rubutawa kariya, domin watsar da majiyyaci da yanke masa magani babu shiri su ma abin tuhuma ne a gaban hukumar.

Jihohi da dama suna buƙatar a yi wa majiyyaci bayanin haɗari kafin takardar farko, wasu kuma suna neman ya sa hannu a yarjejeniya idan shan zai daɗe. A nan kuna da abin da sauran likitoci ba su da shi. Takardar Turanci mai shafi uku da aka miƙa wa tsohon da bai iya karanta ta ba, ya dangwala hannu don kunyar likita, ta cika sharaɗin fayil amma ba ta kare kowa ba, kuma sa jikansa ɗan shekara goma sha biyu ya yi tafinta bai gyara komai ba. Idan majiyyacin Bahaushe ne, ku gaya masa da Hausa. Ku gaya wa Baba cewa ba a sammaka wa maƙwabci wannan magani don bayansa na ciwo, ba a kuma saka ragowarsa a jakar mai tafiya gida a matsayin tsaraba, domin gargaɗin da ke jikin kwalbar dokar tarayya ce, kuma abin da jikinsa ya saba da shi yana iya tsayar da numfashin wanda bai saba ba. Ku tambayi Hajiya yadda take shan maganinta da azumi, saboda akwai masu tattara na yini duka su shanye tsakanin buɗa-baki da sahur, alhali shari'a ta ba mara lafiya rangwame, kuma kalma ɗaya daga likita Musulmi ko daga limamin unguwa takan warware wannan. Ku tambayi wanda zai je Hajji ko zai yi wata biyu a gida tun da wuri, domin a Niyok wata guda ake rubutawa a ƙa'ida, sai ga wasu cututtuka da aka lissafa ake iya kaiwa wata uku, ƙasashen da zai shiga kuma, har da Saudiyya, suna neman shaidar likita a kan irin wannan magani. Sannan ku tuna cewa mutanenmu sun ɗauki dauriya a matsayin mutunci, wanda ya ce muku ciwon da sauƙi yana zufa yana riƙe da gefen gado, kada ku rubuta masa biyu cikin goma a ma'aunin raɗaɗi. Nalokson kuwa, wanda tun 2023 ake sayar da na fesawa a hanci ba tare da takarda ba, ku nuna wa matar gida ko babban ɗa yadda ake amfani da shi, ku ce musu na ko-ta-kwana ne, ba zargi ba ne.

Idan kuma ya tabbata cewa majiyyaci ya kamu da jarabar maganin, babu dokar jihar da ta ce a kore shi. Tun ƙarshen 2022 majalisar tarayya ta soke izini na musamman da ake nema kafin rubuta bufrenofin, maganin jarabar opiyod da ke rukuni na uku, don haka mai rajistar DEA da ta haɗa da wannan rukuni yana iya fara yi masa magani a ɗakin da yake duba marasa lafiya, gwargwadon abin da jiharsa ta yarda wa irin lasisinsa. Iyalanmu suna ɓoye wannan matsala fiye da kowace, kuma yaron da aka sallama daga asibiti yau, ƙwayar jabu mai fentanil ce take jiransa a bakin titi.

Abu biyu nake nema daga gare ku a aikace. Na farko, ku riƙa rubuta cutar majiyyaci a jikin takarda, kansa ce ko sikila ko bayan tiyata ko daɗaɗɗen ciwo, tare da alamar keɓancewa idan jiharku tana buƙata, domin layi ɗaya daga gare ku yana hana majiyyaci zaman sa'a biyu a kantin magani muna neman ku a waya, idan mun kira kuma ku ɗauka ko ku bar wanda zai amsa da yawunku. Na biyu, hukumomin lasisi da ma'aikatun lafiya na jihohi sukan buɗe ƙofar jin ra'ayin jama'a kafin su sauya ƙa'ida, majalisu kuma suna zaman sauraron shaida, amma da wuya a ga likitocin Afirka a wurin, alhali su ne suka fi kowa sanin sikila. Ƙungiyoyinku na likitoci da na ma'aikatan jinya su sa wani ya riƙa bibiyar waɗannan sanarwa a kowace jiha da kuke da mambobi, su kuma nemi a rubuta sikila da suna cikin keɓance-keɓancen duk jihar da ba ta rubuta ba tukuna.

Allah ya sa albarka a aikinku, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Ɗan uwanku, mai haɗa magunguna a jihar Niyok.